Darasi: Kuɗin gina ƙasa, daga ina suke fitowa, wa ke kula da abin da aka gina?

Kowa ya san rijiyar siminti da ke bakin gari. Kowa ya san ajin makaranta, da ɗakin shan magani, da famfo, da hanyar mota. Waɗannan abubuwa ba daga sama suka faɗo ba, da kuɗi aka yi su. Wannan darasi zai bayyana inda kuɗin suke fitowa, da hanyar da suke bi kafin su iso ƙauye, da abin da ya rataya a wuyan mutanen gari bayan an gama gini. Mutumin da ya gane wannan ba a cutar shi, kuma ba ya barin kayan garinsu su lalace.

1. Kuɗin gwamnati iri biyu ne

Kowace shekara gwamnati tana zama ta yi lissafin kuɗin da za su shigo da kuɗin da za su fita. Wannan lissafi shi ake kira kasafin kuɗi. Maigida ma yana yin irinsa bayan kaka, lokacin da ya ƙidaya dammansa.

Maigida yana raba hatsinsa kashi biyu. Kashi na farko na ci ne, shi ake daka fura da tuwo kullum. Kashi na biyu shi ne wanda yake sayarwa don ya sayi shanun huɗa, ko amalanke, ko ya gina rumbu. Na farko yana ƙarewa cikin shekara. Na biyu yana zama dukiya, ana cin amfaninsa shekara da shekaru.

Haka kuɗin gwamnati suke. Akwai kuɗin tafiyar da aiki: albashin malamai da likitoci, man mota, alli, takarda, magani. Akwai kuma kuɗin gini: rijiya, aji, asibiti, gada, hanya, madatsar ruwa, rumbun tsimi, kasuwa. Kuɗin gini sau ɗaya ake kashe su. Kuɗin tafiyar da aiki kuwa ba su da ranar ƙarewa. Duk ginin da aka yi yau, gobe zai nemi nasa kuɗin. Aji zai nemi malami. Ɗakin shan magani zai nemi ma'aikaci da magani. Famfo zai nemi mai gyara. Wanda ya sayi doki, dole ya tanadi harawa.

2. Daga ina kuɗin suke fitowa?

Hanyoyi huɗu ne manya.

Ta farko, haraji da kuɗin duwan. Yawancin kayan da suka shigo ƙasa ta iyaka ana biya musu kuɗin duwan. Ɗan kasuwa yana biyan patanti. Ma'aikaci ana cire haraji daga albashinsa. Manomi ma yana biya ko bai sani ba, domin in ya sayi sukari ko sabulu ko gishiri, akwai haraji cikin kuɗin da ya bayar.

Ta biyu, arzikin ƙarƙashin ƙasa. Nijar tana da ƙarfen yuraniyom a jihar Agadas, da zinariya, da gawayin Anu Araren, da man fetur na Agadem. An buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011.

Ta uku, bashi. Gwamnati tana ranto kuɗi daga bankunan duniya da wasu ƙasashe. Bashi ba kyauta ba ne. Ana biyan shi da riba, kuma sau da yawa ƴaƴa ne ke biyan abin da iyaye suka ranta.

Ta huɗu, taimakon ƙasashen waje da ƙungiyoyi. Wannan yana zuwa na ɗan lokaci, shekara uku ko biyar, sa'an nan ya tafi. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

In aka duba da kyau, za a ga kuɗin gwamnati kuɗin jama'a ne. Gwamnati ba ta da gonar da take noma kuɗi. Saboda haka rijiyar da gwamnati ta gina ba ta baƙo ba ce, ta mutanen gari ce.

3. Abin da aka gina a shekarun baya

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yawancin ƙauyuka da rijiyoyin gargajiya suke shan ruwa. Rijiyar gargajiya tana rushewa da damina, ta ƙafe da bazara. A 1963 aka kafa OFEDES, wato ma'aikatar ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ita ta yi ta ginin manyan rijiyoyin siminti masu faɗin mita 1 da santimita 80. Har yau a wurare da yawa ana kiran irin wannan rijiya da sunan OFEDES. Mutanen gari suna kawo yashi da tsakuwa, suna ba da ƙarfinsu, ma'aikata kuma suna kawo siminti da ƙarfe da gwaninta.

A 1971 aka fara fitar da yuraniyom a Arlit. A 1978 aka fara a Akuta. Cikin shekarun 1970 kuɗinsa ya hau ƙwarai a kasuwar duniya. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 bayan babban fari, ta zuba kaso mai yawa na wannan arziki cikin asusun gina ƙasa da ake kira FNI. Da shi da bashi da taimako aka gina azuzuwa, da ɗakunan shan magani, da rijiyoyi, da hanyoyi. A wannan zamani aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit ta Agadas, fiye da kilomita 600. Aka kuma sauƙaƙa wa talaka harajin kai.

A 1978 aka kafa ONAHA don kula da gandayen noman rani. A ƙasar Ƙonni aka tare ruwan Majiya da madatsun Mozage da Zongo, aka gyara fili fiye da hekta 2000. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, aka haƙa rijiyoyin burtsatse cikin gulbi, injuna suna ɗebo ruwa suna ba gonaki. A Galmi ma aka yi madatsa, garin da albasarsa ta yi suna har ƙasashen waje.

Matasan samariya sun ba da nasu ƙarfi. Su suka riƙa yin tubali, suna gina azuzuwan laka, suna gyaran hanyoyin ƙauye, suna dasa itatuwa. A wannan lokaci ma hannu biyu ne suka haɗu, na gwamnati da na jama'a.

4. Ranar da kuɗi suka yi ƙasa

Daga 1980 kuɗin yuraniyom ya fara faɗuwa. Abin da ke shiga asusun gwamnati ya ragu, amma bashin da aka ci yana nan yana jiran biya. A 1984 kuma wani babban fari ya faɗo. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Abu na farko da aka rage shi ne sabon gini da gyaran tsoho, domin albashi da bashi ba su jira.

A nan aka ga illar ginin da ba a yi wa tanadi ba. Tsakanin 1981 da 1990 an kafa famfuna masu yawa a ƙauyuka, na taka da ƙafa da na hannu. Da yawa daga cikinsu suka tsaya saboda ɗan ƙaramin ƙarfe ko roba da ta cinye. Babu asusu, babu mai gyara kusa, babu inda ake sayar da kayan gyara. Mata suka koma tafki da tsohuwar rijiya. Zawo da kurkunu suka samu ƙofa.

Tun a 1982, a wani babban taro da aka yi a Damagaram kan ayyukan karkara, an yanke shawara cewa manoma su riƙe ayyukansu da kansu ta hanyar ƙungiyoyinsu. Daga nan aka miƙa wa ƙungiyoyin manoma tafiyar da gandayen noman rani. Kowane manomi yana biyan kuɗin ruwa bayan girbi. Da su ake biyan wuta, da gyaran inji, da yasar magudana. Inda aka biya, ruwa ya ci gaba da gudu. Inda aka ƙi biya, inji ya tsaya, gona ta bushe, wanda ya biya da wanda bai biya ba duka suka yi asara.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, ta ragu da rabi. Duk kayan da ake sayowa daga Turai suka yi tsada ƙwarai, har da kayan gyaran famfo da magani. Garin da ke da ajiya ya jure. Garin da ba shi da ko dala ya sha wuya.

5. Sabon zagaye

A ƙarshen shekara ta 2000 masu bin Nijar bashi suka yarda su yafe wani kaso, da sharaɗin a kashe kuɗin wajen yaƙi da talauci. A 2001 shugaba Mamadou Tandja ya buɗe shirinsa na musamman da waɗannan kuɗi. Aka ɗauki niyyar gina azuzuwa 1000 da ƙananan ɗakunan shan magani 1000, da rijiyoyi, da ƙananan madatsun ruwa. Garuruwa da dama sun samu gini na farko ta wannan hanya.

Amma tsohon darasi ya sake dawowa. An ga ɗakunan shan magani da aka gina da kyau, suna rufe, don babu ma'aikaci ko babu magani. An ga azuzuwan da rufinsu ya yaye bayan damina biyu, don ba wanda ya sa wa ɗan kwangila ido lokacin aiki. Bango kaɗai ba ya warkar da zazzaɓi.

A watan Yuli na 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka kafa komin 265 a faɗin ƙasa. Doka ta ba komin ikon karɓar harajinta da tikitin kasuwa, ta tsara ayyukanta. A 2006 dokar ma'adinai ta ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ta samu daga ma'adinai a mayar da su ga ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. A 2008 aka kafa ANFICT, hukumar da aka ɗora wa aikin raba tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun komin, suka naɗa kantomomi a wurin magadan gari. Shugabanni suna canzawa, amma ofishin komin shi ne ƙofa mafi kusa da ƙauye.

Wani abin lura kuma: ma'adinin Akuta da aka buɗe a 1978 an rufe shi a watan Maris na 2021, don ƙarfen da ke cikinsa ya ƙare. Arzikin ƙarƙashin ƙasa yana ƙarewa. Abin da aka gina da shi ne kawai ke saura, in an kula da shi.

6. Hanyar da buƙata take bi

Gari yana son rijiya ko aji. Yaya za a yi?

Da farko a yi taron gari. Maza da mata da matasa kowa ya faɗi ra'ayinsa. Kada a manta da mata, domin su ke jan ruwa, su ke kai yara asibiti. Kada a manta da makiyayan da ke zaune kusa, domin su ma za su sha. A zaɓi buƙata ɗaya wadda ta fi kowace. Wanda ya nemi abu goma lokaci ɗaya, da wuya ya samu ko ɗaya.

Na biyu, a rubuta takarda. A sa sunan gari, da yawan mutane, da yawan yaran da suka isa shiga makaranta, da nisan rijiya ko asibiti mafi kusa. A faɗi abin da gari zai bayar: fili, yashi, tsakuwa, ƙarfi ko kuɗi. Maigari ya sa hannu. A yi kwafi biyu, a kai ɗaya komin, a ajiye ɗaya. A rubuta ranar da aka kai ta.

Na uku, a bi sawu. Komin tana da tsarin ayyuka na shekaru, daga cikinsa ake ɗaukar aikin kowace shekara. Buƙatar da ba ta shiga wannan tsari ba, da wuya ta samu kuɗi. Ma'aikatan ruwa ko na ilimi ko na lafiya su ke zuwa su duba ko gari ya cancanta. A fannin ruwa akwai ma'auni: rijiyar zamani ɗaya ko famfo ɗaya ga mutum 250. Babban gari mai dubban mutane kuwa ana yi masa shato da bututu da kawunan famfo.

Na huɗu, in kuɗi sun samu, ana ba ɗan kwangila aiki. A nan ne ya kamata gari ya buɗe ido. A nemi sanin kuɗin aikin, da wa'adin gamawa, da abin da aka rubuta cikin takardar kwangila. A ƙidaya buhunan siminti da suka shigo. A duba ko ana ba bulo ruwa. In an ga ba daidai ba, a faɗa tun aiki bai yi nisa ba.

Na biyar, ranar karɓar aiki. Kada wakilin gari ya sa hannu ko ya dangwala yatsa kan takardar da bai karanta ba. In rijiya ba ta da isasshen ruwa, ko ƙofar aji ba ta rufuwa, a rubuta cikin takarda. A bisa ƙa'ida ana riƙe wa ɗan kwangila wani ɗan kaso na kuɗinsa na wani lokaci, don in gini ya nuna aibi ya dawo ya gyara.

Akwai wata cuta da ta kamata a sani. Wani lokaci mutum yakan zo da mota da takardu, ya ce a tara masa kuɗi zai kawo wa gari famfo. Kafin a ba shi ko dala, a je komin a tambaya. Duk kuɗin da aka bayar, a karɓi takardar biya, wato resi, mai hatimi da sa hannu.

7. Bayan an gama gini

Wasu sukan ce: rijiyar gwamnati ce, in ta lalace gwamnati ta zo ta gyara. Mai wannan magana zai daɗe yana jira. Nijar tana da garuruwa dubbai, kuma ba a iya aiko mota daga Yamai saboda roba ɗaya ta famfo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kowane gini yana bukatar kwamiti. A zaɓi shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da mai kula da tsabta. Kada mutum ɗaya ya riƙe littafi ya kuma riƙe kuɗi. Kada a zaɓi duka daga gida ɗaya. A garuruwa da yawa mata ake ba riƙon asusu, don ba su cika tafiya cin rani ba, kuma abin ya fi shafar su.

A sayi littafi mai layi. Gefe ɗaya a rubuta kuɗin da suka shigo, ɗaya gefen a rubuta waɗanda suka fita, kowanne da kwanan wata. Duk ƙarshen wata a karanta littafi gaban jama'a, a ƙidaya kuɗi kowa na gani. In kuɗi sun taru a kai su asusun ajiya, kada su kwana ƙarƙashin tabarma. Kada a taɓa su don biki ko bashi, ko da maigari ne ya nema.

Gyara ƙarami ya fi babba sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kewaye rijiya don kada dabbobi su ɓata bakinta. A haƙa magudana don kada ruwa ya kwanta. A duba rufin aji kafin iskar farkon damina. A dasa itatuwa da ciyawa a saman madatsa, domin yashin da ruwa ke kwasowa daga tudun da ba itace shi ke cike madatsa har ta rage ɗaukar ruwa.

A nan amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa fili. Wa zai rubuta takardar buƙata? Wa zai karanta kwangila? Wa zai riƙe littafin asusu? Wa zai gane resi na gaskiya da na ƙarya? Sai wanda ya iya karatu da rubutu da lissafi. Garin da ke da mutum biyar masu karatu, maza da mata, yana da masu tsaron dukiyarsa. Wanda yake zuwa aji kowace yamma ba kansa kaɗai yake yi wa aiki ba.

8. Lissafi

Waɗannan misalai ne don koyo. Dala 1 sefa 5 ce. Jika 1 sefa 1000 ce, wato dala 200.

a) A ce wani gari yana da mutum 750. In rijiya ɗaya ta mutum 250 ce, rijiya nawa ta kamata garin ya samu?

b) A ce garin yana da gida 60. Kowane gida yana zuba dala 20 duk wata cikin asusun famfo. Sefa nawa ake tarawa a wata? Jika nawa ake tarawa a shekara?

c) A cikin shekarar an yi gyara sau biyu. Na farko ya ci jika 18, na biyu ya ci jika 27. Jika nawa suka rage cikin asusu?

d) In gida 15 suka ƙi biya shekara duka, jika nawa za a tara? Bayan gyaran nan biyu, jika nawa za su rage?

Amsoshi: a) rijiya 3. b) sefa 6000 a wata, jika 72 a shekara. c) jika 27. d) za a tara jika 54, jika 9 kawai za su rage.

9. Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin kuɗin gini da kuɗin tafiyar da aiki?
2. Waɗanne gine-gine ne na jama'a a cikin gari? A rubuta sunan kowanne, da shekarar da aka yi shi, da wanda ya biya kuɗinsa.
3. Wanne ne yake aiki, wanne ne ya tsaya? Me ya tsayar da shi?
4. Akwai kwamiti? Yaushe aka karanta littafin asusu gaban jama'a?
5. Mata nawa ne cikin kwamiti?
6. Wace buƙata ce ta fi damun gari bana?

Aikin gida: ƴan aji su haɗu su rubuta takardar buƙata ɗaya da sunan garinsu. Malami ya gyara ta, a karanta wa maigari da dattawa. In sun yarda da ita, a kai ta komin kafin damina ta faɗi, kowa ya shiga gona.